Kujera Ɗari Biyu da Gurmi Ɗaya

Da asuba nake barin Mararaba,
kafin cunkoson Nyanya ya farka,
gurmina a but, naɗe cikin tsohon zanen Inna,
tsakanin jak da igiyar rumfa.

Rukunin gidajenmu na Lokogoma
gida saba'in da huɗu ne, ƙofa ɗaya, masu gadi biyu.
Ni ne mai shirya taro:
suna, walima, bikin cika shekara,
zaman masu gida na ƙarshen wata
inda ake faɗa kan kuɗin dizal har shayi ya huce.
Na san kujera nawa filin wasan yara yake ci,
ɗari biyu, in an matsar da lilo.
Na san Madam Kaneng ba ta son jan ƙyalle a tebur.
Na san Alhaji Sallau, shugaban masu gida,
sai ya ƙirga kwalaben lemo da bakin sandarsa.

Yatsun nan masu ɗaure balan-balan
su Kawu Tanimu ya lanƙwasa a Unguwar Rogo,
cikin sanyin Jos, ina ɗan shekara tara.
Yakan ce, "Ba a dukan tsirkiya, lallashinta ake yi."
Yau mai abinci nake lallashi,
da mai rumfa,
da mai gyaran janareta, wanda kullum yana kan hanya.

Daren Juma'a muna da wasa a wani lambu a Wuse,
ni da Dung mai ganga.
Sau uku ina bar masa dandali shi kaɗai.
A na huɗu ya turo saƙo:
"Taura biyu ba ta taunuwa, abokina."
A tsaye na karanta, ina riƙe wa yaro tsani
yana rataya fitilu.
Me zan ce masa?
Gurmi bai taɓa biya min haya ba,
albashi kuma bai taɓa tayar min da tsigar jiki ba.

Ran Asabar Baba Magaji na gida mai lamba tara ya cika tamanin.
Takwas da rabi aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Lasifika ta mutu da rabin waƙa a bakinta.
Na ji Alhaji Sallau yana kiran sunana
irin kiran wanda za a sallama gobe.

Ban je wurinsa ba. But na nufa.

Bayan rumfa, a kan akwatin ƙanƙara na zauna.
Tsirkiyar ta yi sanyi, ta yi fushi,
sai da na ba ta haƙuri.
Cokula suka daina ƙara.
Wani jariri ya haɗiye kukansa.
Tsohon ya ce a juya masa kujera
ta fuskanci duhun da sautin yake fitowa,
can kuma wata murya ta rangaɗa guɗa.
Minti nawa? Ban sani ba.
Ranar na fara zama a filin nan ban ƙirga komai ba.

Da wuta ta dawo, gurmi ya riga ya koma zanensa.

Ina tara kujeru goma-goma Alhaji ya iske ni.
"Makaɗin nan da ka ɗauko, ba ya cikin kasafi.
Nawa ya ce?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, bai faɗa ba tukuna."
"To ka taya. Kada ya wuce dubu goma.
Kuma ka kawo rasit."

Ɗari da casa'in da tara na samu.
Ɗayar, Baba Magaji ne a kai, ya ƙi tashi,
yana kallon bayan rumfa.

Sha biyu saura na hau titin Keffi.
Na kira Dung, wayar tana ta ƙara.
Yatsuna suna warin dizal,
suna kaɗa sitiyari.